Warƙa Uku daga Kundin Malam Ma'aruf

Lubabatu ɗiyar Malam Ma'aruf ba ungozoma ba ce, ko da yake baƙi a Illela sukan ɗauke ta haka. Ba ta yanke cibi, ba ta wankan jego. Aikinta karatu ne. Mace ta shigo ta faɗi inda yake mata ciwo, Lubabatu ta wanke hannu, ta kwance gafakar littafinta, ta nemo babin, ta bi layin da yatsa, sannan ta faɗa mata abin da za a sassaƙo ko a haƙo, da yadda za a jiƙa shi ko a dafa. Mata suna zuwa mata daga Araba da Gidan Katta da Darna, har daga ƙauyukan da suka faɗa hannun Faransa bayan an kafa turakun iyaka. Abin da mace ba za ta iya faɗa wa malami a zaure ba, tana iya faɗa wa Lubabatu a gindin rumbu.

Mahaifinta ne ya koya mata karatu, kuma ba don yana da wani ra'ayi na musamman a kan ilimin mata ba. Uwarta ta rasu tana da shekara huɗu, babu mai riƙe ta a cikin gida, sai ya riƙa zaunar da ita kusa da shi yana rubutu. Ta iya haɗa tawada kafin ta iya dama fura. Malam Ma'aruf yana da makaranta, amma abin da ya fitar da sunansa shi ne kundinsa na magani: warƙar takarda ɗari da 'yan kai, kanun babi da Larabci cikin jar tawada, bayani da ajami, abin da ya tara shekara talatin daga bakin Fulani makiyaya da wanzamai da Buzaye masu kawo gishiri. Bai taɓa barin kowa ya ɗauki kundin gaba ɗaya ba. Warƙar da yake so ka gani, ita zai zaro ya miƙo maka. A Illela ana cewa hannun Malam Ma'aruf bai taɓa kashe kowa ba, kuma cikin duk abin da ya bari babu gadon da ya kai wannan magana girma.

Ya rasu shekara uku bayan Nasara sun shiga Sakkwato. Makaranta da littattafai suka koma hannun wanta, Malam Halliru, wanda ya girme ta da shekara bakwai. Ita lokacin tana gidan mijinta Maccido, mai kai tufafi arewa ya sauko da kanwa. Bayan sadakar arba'in ta roƙi wanta kundin. Ba asalin ta roƙa ba, ta san wannan ba nata ba ne. Ta ce ya juya mata, ya rubuto mata nata. Halliru ya yi wata biyar yana juyi, warƙa da warƙa, yadda mahaifinsu ya hore su: inda layin asali ya tsaya, nan na juyi zai tsaya, kuma a ƙasan kowace warƙa, can kusurwa, a ajiye kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita. Littattafan malamai ba a ɗinke suke ba, a sake suke cikin gafaka. Wannan 'yar kalma ce take mayar da kowace warƙa gurbinta idan sun watse.

Shekara bakwai Lubabatu tana aiki da wannan juyi ba ta taɓa duba kusurwa ba, don warƙoƙinta ba su taɓa watsewa ba.

A kakar shekara ta takwas aka kawo mata Ramatu, matar Dabo mai jakai daga Araba, da cikin wata biyar da masassara mai zafi. Lubabatu ta buɗe babin masassara. Maganin da ya fi ƙarfi a babin abu uku ne: sassaƙe biyu, da wata jar saiwa da masu gishiri suke saukowa da ita. Ta karanta, aka dafa, Ramatu ta sha safe da yamma. A kwana na biyu cikin ya zube. Ramatu ta yi sati tsakanin rai da mutuwa, sannan ta tashi.

Babu wanda ya ga laifin Lubabatu. Kowa ya san masassara ita kaɗai tana sa ɓari. Dabo ma sai ga shi da damin gero, godiya ce wai don matarsa ta rayu. Lubabatu ta karɓa, ta sa aka jefa a rumbu, ta kuwa daina ɗiban gero daga wannan gefen. Ta tuna wasu mata biyu da ta taɓa ba wannan magani, waɗanda daga baya aka ce sun kwanta da ciwon mara. Mace ba ta faɗin ƙaramin ciki, ko ga uwarta, balle ga mai magani. Ta tuna, ta ture tunanin.

Da rani ya tsaya ta fitar da warƙoƙin ta shanya a tabarma saboda gara, kamar yadda take yi duk shekara. Wannan karon 'yar guguwa ta ratsa tsakar gidan ta ɗebe su, wasu kan danga, wasu cikin turken awaki. Ta tsince su duka, ta zauna jerawa, a karon farko tana bin kusurwa. Kowace warƙa ta kira 'yar'uwarta ta amsa, har ta zo ƙarshen babin masassara. Layin ƙarshe ya ce, "A sha safe da yamma kwana uku." A kusurwa an rubuta: "Amma."

Ta bi warƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta fara da "Amma". Ta sake duba danga da turke da bayan randa. Ta ƙirga, adadin ya cika yadda ta san shi. Warƙar da ta saba gani bayan wannan, babin ciwon ido ce.

Washegari ta je gidan wanta da warƙar a hannu. Halliru ya duba, ya mayar mata.

"Kuskuren alƙalami na," in ji shi. "Wata biyar ina juyi, Lubabatu. Hannu shina gajiya."

Ta ce to, ta dawo gida. Nan ne ya kamata a faɗi gaskiya a kanta. Ta san hannun Halliru. Mutum ne da yakan yaga warƙa guda saboda ɗigo ɗaya ya zame. Ta karɓi maganarsa ne don ta fi sauƙin ɗauka: idan akwai abin da ya biyo bayan "Amma", to ita ce ta zubar da cikin Ramatu, da yatsanta a kan layi. Abin da ta yi kawai shi ne ta daina ba mai ciki maganin masassara. Duk wadda ta zo da ciki a bayyane sai ta ce mata ta je wurin malami a yi mata rubutun sha. Mata suka fara cewa ɗiyar Malam Ma'aruf ta fara tsufa da wuri.

Haka aka yi shekara guda da rabi. Wata safiya a kaka, rana ta ɗan ɗaga, Dabo ya tsayar da jakinsa a ƙofar gida. Ramatu ce a kai, da cikin wata shida, jikinta kamar garwashi. Aka kwantar da ita a ɗakin Lubabatu.

"Inna Luba," Ramatu ta ce, haƙoranta suna haɗuwa, "ki ba ni wancan na bara waccan. Shi yat tashe ni."

Lubabatu ta fito tsakar gida. Maccido yana zaune yana ɗinke bakin buhun kanwa, ya ɗago ya dube ta.

"Malama, yau kuma wa za a tura shan rubutu?"

"Maigida, bar wasa."

"Ba wasa ni kai ba. Mace ta hau jaki tun daga Araba, ta wuce malamai goma a hanya, ba don ta sha wankin allo ba. In ba ki da magani ki ce ba ki da shi, su tahi Ƙonni tun rana ba ta yi ba."

"Ina da shi. Tsoronai ni kai."

Maccido ya soke basillarsa a buhu. "To wanda kika tsoro shina cikin gafaka, ko shina zaune bisa buzu a unguwar malamai?"

Ta shiga ta zaro warƙar nan ɗaya, ta naɗe ta a gefen mayafi, ta ce wa Dabo ya biyo ta ya jira a ƙofa.

A gidan Halliru ta fara shiga cikin gida gaisuwa. Zuwaira, ɗiyar Halliru ta fari, ta dawo daga Gidan Katta goyon ciki, wata bakwai, ita ma masassarar kakar ta kama ta. Tana kwance a inuwar ɗaki, uwarta Fadimatu tana fifita wuta ƙarƙashin wata 'yar tukunya.

"Gwaggo, kin zaka da magani mai daɗi ko?" in ji Zuwaira. "Wanga na Baba awa ruwan wankin takalmi."

"Ke dai sha, uwar tsiwa. Ciki bai rage miki baki ba."

Lubabatu ta san ƙamshin tun daga ƙofa: sassaƙen nan biyu ne. Ta durƙusa ta ɗaga murfin. Maganin masassara idan ya dahu ja yake yi kamar zoɓo, saboda saiwar. Wannan ruwan ƙasa-ƙasa ne.

"Fadimatu, kun mance jar saiwa."

"A'a, ba a sa ta," Fadimatu ta ce, tana fifita abinta. "Malam bai taɓa bari a sa ma mai ciki ita ba a gidan ga. Ko ni, dut cikkunana. Wani gari shika ba ni a ƙulle in zuba madadinta."

"Garin mi?"

"Wa ya sani? Ke da kika da littahin kika tambaya ta?"

Lubabatu ta mayar da murfin a hankali. Ta miƙe ta nufi ɗakin karatun wanta.

Halliru yana zaune kan buzu yana fiƙe alƙalami. Mutum ne dogo, mai tsabta, wanda bai taɓa ɗaga murya ba, kuma yana alfahari da hakan fiye da yadda ya sani. Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi makaranta, ya tambayi maigidanta da kasuwa. Sannan ta shimfiɗa warƙar a gabansa ta ɗora yatsa a kusurwa.

"Yaya Malam, na ga tukunyar Zuwaira."

Ya ci gaba da fiƙe alƙalaminsa har ya gama. Sannan ya miƙa hannu bayan akwati ya ɗauko wani ƙulli.

"Wa ab ba lahiya?"

"Ramatu ta Araba. Wadda cikinta yaz zube hannuna."

"Ki cire saiwar, ki zuba rabin wanga. Safe da yamma. Allah shi ba da lahiya."

Ta karɓi ƙullin ta fita zaure, ta ba Dabo, ta maimaita masa sau biyu abin da za a faɗa wa Maccido. Halliru ya ji tafiyar jakin, ya ɗauka an gama. Sai ga ta ta dawo ta zauna inda ta tashi.

"Wancan na Ramatu na," ta ce. "Saura na wadda za ta zaka gobe. Warƙa nawa kac cire?"

"Ukku."

Ta yi tsammanin zai sake musu. Bai yi ba.

"Mi a cikinsu?"

"Abin da bai kamata shi zauna cikin ɗakin mace ba." Ya gyara zama, ya koma muryar da yake karantarwa da ita. "Baba ya lissafa dut abin da ka zubar da ciki cikin kundin nan. Sunanai, kamanninai, inda shika hitowa. Ke kina ganin gargaɗi na. To warƙar da tac ce kada a sha abu kaza don shina zub da ciki, ita ta warƙar da ta koya ma wadda ka son zubarwa abin da za ta nema. Garin ga na fatake na, Lubabatu. Maza su tahi wata takwas, su bar mata. Kin hi ni sanin abin da ka shiga kunnenki a gindin rumbu. In rai guda ya tahi ta hanyar rubutun gidanmu, wa za a tambaya ran gobe?"

"Rai guda ya riga ya tahi. Wataƙila ukku. Wa za a tambaya?"

"Masassara ta. Ajali na."

"In ajali na, mi ya hana ka sa ma Zuwaira saiwar?"

Ya kau da kai. Da ya dawo da shi, da wata hujja ya dawo. Ya ce zamani ya sake. Ya ce ba ta ji dogari ya zaga ba, cewa duk wanda ya mutu bayan ya sha maganin wani, a kai maganar gaban alƙali, alƙali kuma ya aika wa Nasara? Ya ce Nasara takarda yake nema, ba ya jin bayani. Ranar da wata yarinya ta mutu da jini a Darna, aka bincika aka sami waɗannan warƙoƙi a gafakar Lubabatu, ba za a tsaya tambayar niyya ba.

Hujja ce mai kyau, kuma ta san akwai gaskiya a ciki. Abin da ya ɓata ta ƙidaya ce.

"Dogari shekara biyu da sunka wuce yaz zaga," ta ce. "Kai ka juya min kundin ga shekara goma. Yaya Malam, ka ba ni Allah, ka ba ni Nasara. Ina na ukku?"

"Babu na ukku."

"To shi ke nan." Ta fara naɗe warƙarta. "Maigida shina tahiya Ƙonni jibi, in bi shi. Almajiran Baba na da suna nan, akwai a Ƙonni, akwai a Gwadabawa. In nuna ma kowa wagga kusurwa, in ce ɗiyar Malam Ma'aruf ta, tana neman abin da ubanta ya rubuta bayan 'Amma', don ɗanai ya ce hannunai ya gaji."

"Ba mai ita. Bai ba kowa ba."

"To sai su yi ta tambayar juna mi anka ɓoye."

Wannan ce ta same shi, ta kuma ga inda ta same shi. Bai ji tsoron Allah a fuska haka ba, bai ji tsoron Nasara haka ba. Aka kira azahar a masallacin unguwa, bai motsa ba, abin da ba a taɓa gani ba. Daga baya ya tashi ya sauko da gafakar tafsiri daga kan maratayi, ya kwance, ya zaro warƙa uku daga can ƙarshe, inda babu wanda zai kai sai ya sauke littafin duka.

Rubutun mahaifinsu ne, mai kwanciya hagu. Ta farko ta fara: "Amma mai ciki, ko wadda ake zaton tana da shi, kada a ba ta wannan." Sai jerin abubuwa goma sha ɗaya, daga babin masassara da na shawara da na kumburin ciki, kowanne da abin da za a sa a madadinsa. Huɗu daga ciki Lubabatu tana bayarwa duk wata. A ƙarƙashin kowanne ya rubuta magana ɗaya bai gaji da maimaita ta ba: ba cikin kaɗai yake ɗauka ba, yana haɗawa da uwar.

A gefen warƙa ta uku akwai rubutu ƙanana, a tsaye, da tawadar da ta fi sauran baƙi. Ta juya warƙar ta karanta.

"Na ba uwar Halliru jar saiwa da hannuna. Ban san tana da ciki ba, ita kuma ba ta faɗa ba. Cikin ya zube ran Talata, ta bi shi ran Alhamis. Duk wanda ya juyi kundin nan ya tsallake wannan babi, ban yafe masa ba."

Ta karanta sau biyu. An gaya mata tun tana ƙarama cewa masassara ce ta ɗauki Innarsu. Abin da ta riƙe na uwar tata bai wuce ƙamshin man shanu da wani zane mai ratsin fari ba.

"Ka sani tun yaushe?"

"Tun ranar. Ina da shekara goma sha ɗaya. Na ga tukunyar." Muryarsa ba ta canza ba. "Mutane suna kawo ɗiyansu makarantar ga daga tahiyar kwana ukku don sunan Baba. Kina so a ce Malam Ma'aruf ya kashe matatai da maganinai?"

"Shi ya rubuta da kainai."

"Ya rubuta, ya kuma ɓoye miki har ya mutu. Kin taɓa ganin ya miƙo miki wagga?"

Ba ta taɓa ba. Wannan ma gaskiya ce. Mutumin da ya ce bai yafe wa mai tsallakewa ba, shi ne ya fara tsallake ta ga ɗiyarsa, shekara ashirin da wani abu. Ta dubi wanta, ta ga mutumin da ya zaɓi ya kwana shekara goma ƙarƙashin "ban yafe ba" ta ubansa da ya bari a taɓa sunan uban. Ta tausaya masa. Tausayin bai hana ta ganin sauran ba: cewa a shekarun nan goma, shi kaɗai ne a Illela ya san abin da za a ba mai ciki, kuma attajirai sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa idan matansu sun kwanta. Ba ta faɗi wannan ba. Wataƙila shi ma bai taɓa faɗa wa kansa ba.

"Ba ni takarda," ta ce.

Ya ba ta, har da alƙalamin da ya fiƙe. Ya fita ya yi sallarsa ya dawo ya same ta tana rubutu a kan gwiwa, layi da layi, kusurwa da kusurwa. Da ta zo gefen warƙa ta uku ya matso ya tsaya a kanta. Ta juya takardar ta rubuta a tsaye: "Na ba wata mata jar saiwa da hannuna." Sauran ta juya yadda yake, Talata da Alhamis da komai.

"Kin sake mai magana," in ji Halliru.

"Kai ka cire warƙa ukku. Ni kalma biyu."

"Ki yi min alkawali guda. Wadda kinka ga alamar ba don tsaro taka tambaya ba, kada ki karanta mata."

"Ni ba alƙali ba ta, Yaya Malam. Inna ma da an tambaye ta, cewa za ta yi ba ta da komi."

Ta hura tawadar ta bushe, ta naɗe, ta leƙa ta ce wa Zuwaira ta shanye ruwan wankin takalminta, ta koma gida kafin la'asar.

Masassarar Ramatu ta sauka a kwana na huɗu. Ko garin ƙullin ne, ko masassarar ce ta gama kwanakinta, Lubabatu ba ta taɓa cewa ta sani ba. Da sanyi ya shigo Ramatu ta haifi namiji, aka sa masa Attahiru. Dabo ya sake kawo damin gero. Wannan karon Lubabatu ta zaunar da Ramatu ta faɗa mata cewa maganin da ta ba ta a wancan karon shi ya zubar mata da ciki. Ramatu ta gyara goyonta, ta ce Allah ya riga ya rubuta. Ba ta sake zuwa gidan ba sai bayan shekara uku, kuma da ta zo ba ta kira ta Inna Luba ba, Malama ta ce.

Daga wannan kaka Lubabatu ta sake yadda take aiki. Duk macen da ta shigo, ko ciwon ido ne ya kawo ta, sai ta ji warƙoƙin nan uku kafin ta ji na ciwonta. Ba ta tambayar mace ko tana da ciki, tunda ta san amsar da za a ba ta. Tsofaffi suna gyangyaɗi, amare suna rufe fuska suna dariya. Akwai kuma waɗanda suke saurare fiye da kima, leɓɓansu suna motsi suna riƙe sunaye. Tana ganinsu. Ga irin waɗannan takan juya warƙa ta uku ta karanta gefen sau biyu, a hankali, sannan ta ce in akwai magana a zauna a yi ta. Wasu sun zauna. Wasu sun tashi sun tafi, kuma ba ta san abin da suka yi da abin da suka ji ba. Ba za a ce babu wadda ta yi amfani da shi ta hanyar da Halliru ya ji tsoro ba. Babu mai wannan lissafin. Abin da aka sani, masu tallan saiwa a kasuwar Illela sun fara shan tambaya daga bakin mata, har wani Buzu ya yi rantsuwa ba zai sake sauko da ita ba. Alƙali bai taɓa aiko wa Lubabatu ba.

Wani lokaci wata tsohuwa takan ɗago ta ce, "Wace mata ta wagga, Malama? 'Yar garin ga ta?" Lubabatu takan ce wata mata ce dai, ta ci gaba da karatu. A zaure da kasuwa aka ci gaba da cewa hannun Malam Ma'aruf bai taɓa kashe kowa ba, har a bakin mazan da matansu suka ji gefen warƙar da kunnensu.

Ita da wanta ba su sake tayar da maganar ba. Suna gaisawa, suna haɗuwa a suna da biki. Ya riga ta rasuwa da shekara shida. Da aka zo raba littattafansa aka kira ta, don babu wanda ya kai ta sanin hannun mahaifinsu. Ta kwance gafakar asalin kundin ta tafi kai tsaye ƙarshen babin masassara. Warƙoƙin uku suna nan a gurbinsu, bayan "Amma". An datse gefen ta ukun da aska, datsa mai kyau, miƙaƙƙiya, irin ta mutumin da bai taɓa barin ɗigo ya zame ba.

Ta mayar ta ɗaure. Da ta koma gida ta aika Gidan Katta a kira mata Zuwaira, ta ce ta zo da tawada, akwai warƙa uku da Zuwairar za ta juya, har da gefensu.